Biyar Ko Bakwai? Sharhi Kan Kujerun Ƙaramar Jif da Zaɓin Motar Iyali a Kaduna

Wanda duk ya zaga wuraren sayar da motoci a Kaduna yana neman motar iyali zai iya tarar da Toyota RAV4 guda biyu a jere, ƙirar shekara ɗaya, dillali ya dafa ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan biyar take ci," ya juya ga ɗayar ya ce, "wannan kuma bakwai." Mai saye sai ya fara zargin ana so a yi masa rufa-ido. Sau da yawa kuwa gaskiya dillalin ya faɗa. Akwai motocin da sunansu ɗaya, jikinsu ɗaya, amma kamfani ya fito da su da adadin kujeru daban-daban, gwargwadon shekarar ƙira da ƙasar da aka ƙera su dominta.

Tambayar ta ƙara nauyi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Magidanta da dama da ke hawan manyan motoci masu filogi shida sun fara tunanin komawa ƙanana, masu shirin sayen motar farko kuma suna ta aunawa tsakanin wadda za ta kwashe iyali gaba ɗaya da wadda aljihu zai iya shayarwa. Ga kuma jami'an hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, a manyan hanyoyi, da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, a cikin gari, waɗanda in sun tsayar da mota sukan leƙa su ƙirga kawuna.

## Rabe-raben motocin

A bakin jama'a duk mota mai tudu jif ce, daga RAV4 har Land Cruiser. Masu ƙera motoci kuwa sun raba su gida-gida. Ƙaramar jif ita ce wadda tsawonta ke tsakanin kimanin mita 4.4 zuwa 4.7, irin su RAV4, Honda CR-V, Hyundai Tucson, Kia Sportage, Ford Escape, Nissan Rogue da Peugeot 3008. Asalinsu ƙashin ƙaramar mota ne aka ɗauka, aka ɗaga shi sama, aka buɗe baya ya haɗe da but. CR-V ta farko, alal misali, daga Civic aka samo ta. Tsarin zamansu layi biyu ne, kujera biyu a gaba da benci mai mutum uku a baya. Biyar ke nan, har da wanda ke riƙe da sitiyari. Mutane kan manta da wannan, alhali gidan da ya ɗauki direba, mutum huɗu kaɗai ya rage wa iyali.

Sama da su akwai matsakaita, irin su Toyota Highlander, Honda Pilot, Nissan Pathfinder da Ford Explorer, waɗanda tsawonsu ke kaiwa mita biyar ko kusa da haka, kuma yawanci suna da layi na uku. Sai manya da aka ɗora bisa shasi irin na a-kori-kura: Prado, Land Cruiser, Sequoia, Lexus GX da LX. A gefe guda kuma akwai motocin da aka ƙera su tun farko don kwasar iyali, masu ƙofar gefe ta ja, wato Toyota Sienna da Honda Odyssey.

Girman jikin mota ba ya nuna yawan kujerunta. Lexus RX 330 da RX 350, waɗanda suka cika titunan Kaduna, biyar suke ci. Haka Toyota Venza, Nissan Murano, Ford Edge da Mercedes ML 350. Sai a ƙirar 2018 Lexus ya fito da RX 350L mai layi na uku. Mutum zai iya ƙara miliyoyi ya bar RAV4 ya koma RX, ya sami faɗi da laushin zama, amma ko kujera ɗaya bai ƙaru da ita ba.

## Yadda kamfani ke ƙirga kujera

Wurin zama a lissafin kamfani shi ne wurin da aka yi wa bel. Bencin baya ko da zai ɗauki yara biyar in sun matsu, idan bel uku ne a jikinsa, to na mutum uku ne. Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma shi jami'an hanya ke bi.

Ma'auni na biyu shi ne nauyi, kuma shi aka fi jahilta. Idan aka buɗe ƙofar direba aka duba ginshiƙin da take rufewa a kansa, motocin da aka shigo da su daga Amurka da Kanada suna da wata sitika a wurin. A jikinta an rubuta jimillar kujeru, nawa a gaba nawa a baya, da yawan iskar da ya kamata a ba taya, da kuma iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. A yawancin CR-V ƙirar Amurka, iyakar kilo 385 ce. Lissafin da ake yi a can yana ɗaukar kowane mutum a kilo 68. Mutum biyar sun tashi kilo 340, saura kilo 45. Buhun shinkafa ɗaya kilo 50 ne.

A ƙaddara tafiyar Sallah ce daga Unguwar Rimi zuwa Zariya ko Katsina. Manya biyar sun shiga, an saka buhun shinkafa na tsaraba, da jarkar man gyaɗa, da akwatunan kowa. Tun ba a ɗora yaro ko ɗaya a cinya ba, motar ta riga ta haura iyakarta. Alamar farko ita ce bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, fitilarta ta riƙa haska idon masu tahowa da dare maimakon kwalta. Birki yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya tsayar da ita. Shokozoba da sifirin na baya suna mutuwa da wuri, shi ya sa kanikawa da ganin yadda mota ta duƙa suke gane irin lodin da take sha. Taya kuma, in nauyi ya yi mata yawa ga ƙarancin iska ga zafin kwalta na watan Maris da Afrilu, zafi take tarawa har ta fashe. Jif tana da wani ƙarin rauni a nan: da yake tana da tudu, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka karkatar da sitiyari da ƙarfi, kuma kayan da aka ɗaure a samanta suna ƙara wannan haɗari.

## Inda ruɗanin biyar da bakwai ya samo asali

Tsakanin ƙirar 2006 da ta 2012, Toyota ya ba masu sayen RAV4 a Amurka zaɓin ƙara ƙananan kujeru biyu a cikin but. Wasu sun biya an saka musu, mafi yawa ba su biya ba. Daga ƙirar 2013 aka daina. Da yake motocin waɗannan shekarun su ne suka fi yawa a kasuwar tokumbo, sai ga iri biyun suna haɗuwa a fili ɗaya. Nissan ya yi irin haka da Rogue daga 2014 zuwa 2017. Mitsubishi Outlander ta daɗe tana zuwa da layi na uku, haka doguwar Volkswagen Tiguan da ta fito a ƙirar 2018. CR-V ta Amurka biyar take ci, amma daga 2017 an sayar da mai bakwai a ƙasashe irin su Tailan, Indunisiya da Ostareliya.

Ko Highlander ba ta tsira daga wannan ba. Ƙirar 2001 zuwa 2003 ba su da layi na uku sam, sai a 2004 aka fara bayar da shi, shi ma a matsayin zaɓi. Wanda ya tura kuɗi Legas ko Kwatano a sayo masa Highlander yana zaton bakwai ce ba tare da ya ga hoton cikin but ba, zai iya karɓar mai biyar.

To yaya layi na uku yake a ƙaramar jif? Kujerun suna kusa da daɓen motar ƙwarai, ta yadda babban mutum in ya zauna gwiwoyinsa sama suke yi, su tokari bayan kujerar tsakiya, ƙeyarsa kuma ba ta da nisa da gilashin baya. Shiga wurin sai an kwantar da kujerar tsakiya an tsallaka, abin da ba zai yiwu ga dattijuwa ko mace mai ciki ba. Idan aka ɗaga kujerun, but ɗin ya tafi, abin da ya rage bai wuce na jakunkunan makaranta da ledar cefane ba. Wuri ne na yaran firamare a gajeriyar tafiya.

Masu goyon bayansa suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce yaron da ke zaune a wannan matsatsiyar kujera da bel a ƙirjinsa ya fi wanda ke kan cinyar yayarsa aminci nesa ba kusa ba, kuma gidan da ke da yara huɗu ko biyar ƙanana zai yi shekaru yana kai su boko da Islamiyya a ciki ba tare da ya sayi mai shan mai da yawa ba. Masu sukarsa suna cewa wurin ya fi ko'ina kusa da inda za a daki mota ta baya, a wasu ƙananan jif jakar iskar gefe, wato iyabag, ba ta kai wannan layin ba, sanyin esi ma da ƙyar yake isa. Suka ƙara da cewa yara girma suke yi, kujerar da ta ishi ɗan shekara bakwai ba za ta ishe shi ba in ya shiga sakandare, motar kuwa tana nan.

Akwai kashi na uku da ya bambanta da waɗannan, shi ne kujerar da aka ƙara a nan gida. Mai walda ya haɗa ƙarfe, mai kushin ya lulluɓe shi, aka ɗaure a daɓen but. A ido tana iya yin kyau har ta yi kama da ta kamfani. Amma kujerar kamfani ana ɗaure ta ne a wuraren da aka ƙarfafa musamman a jikin mota, bel ɗinta ma haka, kuma an gwada su da karo. Ta gida ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma sitikar bakin ƙofa za ta ci gaba da cewa biyar.

## Me ya sa abin ya fi matse iyalin Arewa

An tsara ƙaramar jif ne da iyalin Amurka, Turai da Japan a rai, inda mata da miji da yara biyu su ne gida. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Najeriya 5.3 ne, a shiyyar Arewa maso Yamma, inda Kaduna take, 6.6. Miji da mata da yara huɗu sun riga sun zama shida. Ba a saka Hajiya kaka da ke zaune a gidan ba, ba a saka ɗan riƙo ko ƙanen maigida da ya zo karatu ba, balle gidan da ke da mata biyu ko uku.

Motar gida kuma a nan ba ta masu gidan kaɗai ba ce. Ranar suna ko kai amarya ko ta'aziyya, maƙwabta da dangi suna da rabo a cikinta. Matar da ta fito za ta gidan biki ta tarar da surukarta da ƙawayenta biyu a bakin ƙofa ba za ta iya cewa, "Mama, ku yi haƙuri, bel uku ne a baya" ba. Duk sharhin da ya yi watsi da wannan nauyin zumunci bai fahimci dalilin da ya sa mutane masu hankali, waɗanda suka san haɗarin, suke yin obalodi ba.

Kaduna na da tsohon tarihi da wannan matsala. A Kakuri ne kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma doguwar 504 mai layi uku ta yi shekaru ita ce motar babban gida, ita ce kuma motar haya tsakanin garuruwa. Bayanta Volkswagen Sharan, wadda ta fara fitowa a 1995, da 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra, suka mamaye tashoshi irin su Kawo da Mando. A tasha ne aka saba da zaman mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a layin da aka yi don uku, har ido ya daina ganin hakan a matsayin lodi. Wannan sabo ya bi mutane har cikin motocinsu na gida. A yau ma masana'antar Dangote Peugeot da ta fara aiki a 2022 a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja tana da misalin rabon a fili: 3008 mai kujera biyar, da 5008 wadda aka ƙara wa tsawo ta zama mai bakwai.

## Highlander da Pilot, ko Sienna da Odyssey

A nan muhawarar ta fi zafi, domin duka ɓangarorin biyu bakwai ko takwas suke ci a takarda, amma ba iri ɗaya ba ne a aikace.

Pilot tun fitowarta a ƙirar 2003 yawanci takwas take ɗauka. Highlander ta 2008 zuwa 2013 yawanci bakwai ce, ta 2014 zuwa sama tana kaiwa takwas. Sienna kuma iri biyu ce, kuma bambancin a layin tsakiya yake: idan kujeru biyu ne masu zaman kansu da hanya a tsakani, bakwai ce, idan akwai ƙaramar kujera a tsakaninsu, takwas.

Babban abin da ya raba su shi ne abin da ya rage bayan kowa ya zauna. A Sienna ta 2011 zuwa 2020, wurin kaya a bayan layi na uku ya kai kimanin lita 1,100, saboda akwai wani rami mai zurfi a daɓen. A Highlander ta 2014 zuwa 2019 bai wuce kimanin lita 390 ba. Kusan ninki uku ke nan. Ma'ana, iyali mai mutum bakwai za su shiga Sienna da akwatunansu su kama hanyar Kano, amma a Highlander sai dai a zaɓa tsakanin layi na uku da kaya, ko a ɗaure kayan a sama. Layin ƙarshe na Sienna da Odyssey kuma babban mutum zai zauna a ciki ya yi doguwar tafiya. Ƙofar ja da ƙasa-ƙasan daɓe suna sauƙaƙa wa tsofaffi da mata masu goyo shiga, kuma yaro ba zai banka ƙofa ya daki motar da ke kusa ba.

Wannan ƙasa-ƙasan shi ne kuma raunin Sienna. Tazarar cikinta da ƙasa kimanin santimita 17 ce, ta Highlander kimanin 20, kuma Sienna ta fi tsawo, ga hanci mai nisa a gaba. Idan aka cika ta da mutane sai ta ƙara zama. Wanda gidansa ke bakin kwalta a Malali ko Barnawa ba zai damu ba. Wanda kuwa zai ratsa layukan da ruwa ya zaizaye a cikin Rigasa ko sababbin unguwannin bayan gari da damina, ko wanda ke zuwa gona da ƙauye akai-akai, zai riƙa jin cikinta na gogar ƙasa. Masu zaɓen Highlander da Pilot a kan wannan suke kafa hujja, kuma hujja ce ta gaskiya. Wani abin lura ga mai neman Sienna mai jan ƙafa huɗu don ya magance wannan: waɗanda aka ƙera kafin 2021 ba sa zuwa da safayar taya daga kamfani, da wata irin taya ta musamman suke zuwa wadda ke iya ɗan tafiya bayan ta yi faci, kuma jan ƙafa huɗun bai ƙara mata tudun kirki ba.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba. Da yake kamfanonin sufuri sun rungumi Sienna, wasu magidanta suna ƙyamar ta, suna ganin ta zama motar haya, jif kuwa tana da kwarjini a ƙofar gida da wurin ɗaurin aure. Wannan ra'ayi yana tasiri a kasuwa ƙwarai. Sai dai shigar masu haya cikin lamarin ta sa kayan gyaranta sun wadata, kanikawa sun san ta ciki da waje, kuma ranar da aka tashi sayarwa ba a rasa mai saye.

Prado da Land Cruiser sun haɗa tudu da kujeru, amma kuɗin sayensu da na riƙonsu ya fitar da su daga lissafin yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa. Sharan kuwa tana da arha da kujeru bakwai, matsalarta ita ce mafi yawan waɗanda ke kasuwa sun tsufa, da yawa kuma sun sha wahalar haya.

## Lissafin mai

Bisa gwajin hukumar kula da muhalli ta Amurka, ƙaramar jif mai filogi huɗu ta shekarun 2010 zuwa 2012 tana shan kimanin lita 9 zuwa 10 a kilomita 100, Sienna da Highlander masu filogi shida kuma kimanin lita 11 zuwa 12. Wannan na sabuwar mota ne. Tsohuwa mai gajiyayyen inji, a cikin cunkoso da esi a kunne, ta fi haka sha. Amma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin dubawa.

Daga Kaduna zuwa Kano kimanin kilomita 230 ne. Da wannan ma'auni ƙaramar jif za ta sha wajen lita 22, babbar kuma wajen lita 26 ko 27. Bambancin bai wuce lita biyar ba. Idan kuwa iyali sun fi ƙarfin mota ɗaya har aka fita da biyu, an haura lita 40. A doguwar tafiya da cikakken iyali, babbar mota ita ce mai arha.

Lissafin yana juyawa a zirga-zirgar yau da kullum. Magidancin da ke yin kilomita 30 a rana tsakanin gida, makarantar yara da wurin aiki yana yin kilomita 900 a wata, kuma bambancin shan man zai kai masa wajen lita 20 duk wata, a motar da mafi yawan lokaci shi kaɗai ne a ciki bayan ya sauke yara. Ga tayoyi masu girma da tsada, ga man juye mai yawa. Sienna ta 2021 zuwa sama, wadda ke haɗa fetur da batir, ta sauko da sha zuwa kimanin lita 6.5, ƙasa da na tsofaffin ƙananan jif, amma farashinta ya sa ba kowa ke kallon ta ba tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Daga nan ne ra'ayi na uku ya taso. Masu shi suna cewa a sayi mota gwargwadon tafiyar kowane mako, ba gwargwadon tafiyar Sallah ba. Idan cikar iyali a mota ɗaya sau uku ko huɗu ne a shekara, ya fi sauƙi a riƙe ƙarama, ranar tafiya a ɗauki shatar Sienna ko bas, ko wasu su bi jirgin ƙasa daga Rigasa idan Abuja za a je. Gidan da ke da mata biyu a unguwanni daban-daban, ko yara a makarantu daban-daban, ƙananan motoci biyu sun fi yi masa aiki, duk da cewa takardu, inshora da gyara duk sun zama biyu. Inshorar dole kaɗai ta koma naira 15,000 a shekara ga motar gida tun Janairun 2023. Raunin wannan ra'ayi shi ne gidan da cikarsa ta kullum ce, wanda kowace safiya yara shida ne za a kai makaranta. A irin wannan gida, ƙaramar jif na nufin ko sawu biyu, ko lodi, ko a tura sauran a Keke Napep, wanda shi ma ba bel gare shi ba.

## Abin da doka ta ce, da abin da ke bayanta

An kafa FRSC a 1988, ta kuma fara tilasta ɗaura bel a Janairun 2003. Jadawalin laifuffuka na dokarta ta 2007 ya sanya tarar naira 10,000 kan lodi fiye da ƙima, da naira 2,000 kan rashin ɗaura bel. Dokar ba ta ware motar gida daga ta haya ba a wannan batu. Hukumar ta kuma daɗe tana gargaɗin kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a kujerar gaba, domin iyabag ɗin gaba an yi shi ne daidai ƙirjin babba, kuma ƙarfin fitowarsa na iya yi wa yaro mummunan rauni.

Direbobi da yawa suna ƙorafin cewa an fi matsa wa masu ƙananan motoci, alhali ana ganin tireloli da manyan motoci ɗauke da mutane a kan kaya suna wucewa. Ƙorafin yana da tushe, amma bai canza abin da ke faruwa a cikin mota lokacin karo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi, kujerar jarirai ta musamman kuma na rage mutuwarsu da kashi 71 cikin 100. Masana kiyaye haɗura kan kiyasta cewa a karon da aka yi ana gudun kilomita 50 kacal, jiki na fizgewa gaba da ƙarfin da ya kai kusan ninki 30 na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 ya zama kamar kilo 300 a hannun uwarsa, babu hannun da zai riƙe wannan. Ɗaura bel ɗaya a kan uwa da ɗan da ke cinyarta ya fi muni, domin nauyinta ne zai danne shi.

Kujerar jarirai ma tana cin wuri. Biyu daga cikinsu in aka ɗaura a bencin bayan ƙaramar jif, abin da ya rage a tsakiya da ƙyar zai ishi babba. Gidan da ke da jariri da ɗan yaye, ƙaramar jif ɗinsu a aikace ta koma mai cin manya biyu da yara biyu ko uku.

## Tukunyar gas da dubawa kafin biya

Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ta ƙarfafa bayan cire tallafi, ya shigo da wani sabon lissafi. A but ake ɗaura tukunyar, kuma ta ƙarfe nauyinta kan yi kusan na mutum guda, wanda dole a cire shi daga iyakar da ke jikin sitika. A ƙaramar jif mai layi na uku, wurin da kujerun suke shi ne wurin da tukunyar za ta zauna, sai dai a zaɓi ɗaya. A Sienna takan shiga ramin nan na baya, sai a rasa wurin kaya, a kuma rasa damar kwantar da layin ƙarshe a cikinsa. Mai niyyar komawa gas ya kamata ya tambayi masu aikin inda za su ɗora tukunyar tun kafin ya sayi motar.

Ranar duba mota, ba maganar dillali ko rubutun talla ake bi ba. A ƙirga bel ɗaya bayan ɗaya, a ja kowanne a ga yana fita yana komawa, a fizge shi da ƙarfi a ga ya cije. A lura da na tsakiyar baya, domin a tsofaffin motoci da yawa na ƙugu ne kawai, ba ya ratsa ƙirji. A gwada adadin da sitikar bakin ƙofa ta faɗa da abin da ido ya gani. Idan sitika ta ce biyar ga kuma kujeru bakwai, an ƙara biyun ne daga baya. Da yake motocin tokumbo da yawa sun taɓa haɗari kafin a shigo da su, a kunna mota a ga fitilar iyabag ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu da kanta, domin wadda ba ta kamawa sam wataƙila cire ƙwan aka yi. In da hali a je da mutanen da za su riƙa hawa motar, a zaunar da mafi tsawo daga cikin yaran a layin ƙarshe, a rufe but da akwati ɗaya a ciki a ga ko zai rufu.